Yadda ake yin masta a ilimin halayyar ɗan Adam na gwaji, ga ɗan arewacin Kamaru da Cadi

Ɗalibai da yawa da suka gama lisans suna zuwa mini da magana ɗaya: suna son ci gaba da sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, amma ba ɓangaren masu taɓin hankali ba, ɓangaren gwaji. In na tambaye su mene ne gwajin, sai su ce raba takardun tambayoyi a makarantu. Ba shi ba ne, ƙanena. Gwaji shi ne ka canza abu ɗaya da gangan, ka bar sauran yadda suke, sannan ka auna abin da canjin ya haifar a tunanin mutum: saurin amsawarsa, yawan kuskurensa, abin da ya tuna da abin da ya manta. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Laifzig ta Jamus a 1879 haka aikin yake. Mastar shekara biyu ce a tsarin lisans, masta, dakta da jami'o'inmu ke bi, kuma duk wahalarta tana taruwa a kan abu guda: ƙaramin gwaji ɗaya da za ka tsara da hannunka, ka gudanar, ka lissafa, ka tsaya gaban malamai ka kare shi.

Abin da za ka tanada

Takardu: takardar haihuwa, bakaloriya, shaidar lisans, da takardun maki na shekaru ukun lisans, kowacce da kwafinta mai hatimi da tambur. Takardun maki jami'ar da ta ba ka su ce ke tabbatar da su. Fara nema da wuri, domin wanda zai sa hannu yakan yi tafiya daidai makon da kake bukatarsa. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka aje a imel ɗinka.

Kwamfutar tafi-da-gidanka: ba sai sabuwa ba. Ta hannu ta isa in dai batirinta na riƙe awa uku kuma madannanta duk suna aiki. Batirin ya fi komai muhimmanci, za ka ga dalili a gaba. Ka ƙara da abin saƙalawa a kunne in gwajinka na da sauti, da filasha biyu don ajiya.

Manhajoji, kuma duk kyauta ne: PsychoPy ko OpenSesame don gina gwajin, JASP ko jamovi don lissafi, G*Power don sanin yawan mutanen da kake bukata, Zotero don tara maƙalu. Kada ka bari a saka maka SPSS na sata, manhajar lissafi ta kuɗi, mai ɗauke da ƙwayar cuta, alhali JASP na yin duk abin da ɗalibin masta ke nema. Sauke su rana ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, daga nan suna aiki ba tare da shi ba.

Harshe: Faransanci don aji da rubutu, Turanci don karatu. Mafi yawan maƙalun wannan fanni da Turanci ake buga su. Ba a ce ka iya magana kamar ɗan Bamenda ba, amma dole ka iya karanta shafi goma ka fahimci abin da aka yi.

Kuɗi: a jami'o'in gwamnatin Kamaru ɗan ƙasa na biyan sefa 50,000 a shekara a karatun da aka saba. Mastocin da ake kira na sana'a sun fi haka tsada sosai. Amma kuɗin makaranta ne ƙaramin kaso. Haya, abinci, mota, buga memwar (kundin binciken masta) kwafi da yawa da ɗan abin da za ka ba mahalarta gwaji su ne ke cin aljihu.

1. Dubi takardar makinka da idon basira

Ana tace masu shiga masta. Matsakaicin maki 12 cikin 20 shi ne abin da aka fi nema, kuma a wurare da dama ana sake tacewa tsakanin shekarar farko da ta biyu. Bayan matsakaicin, dubi darussa uku: ƙididdiga, hanyoyin bincike, da ilimin fahimta, wato darasin gani da tunawa da mai da hankali. In ƙididdigarka ta yi rauni, gyara ta yanzu kafin a buɗe makaranta. Ka san matsakaici da yadda maki ke bazuwa a kewayensa, ka san gwajin t da ANOVA, wato lissafin kwatanta rukunoni, da dangantakar abubuwa biyu. JASP na zuwa da bayanan misali a cikinsa; ka zauna da su kullum bayan sallar asuba, lokacin da kai ke sanye.

In lisans ɗinka ba na sikoloji ba ne, misali na ilimin koyarwa ko na zamantakewa, tambayi shugaban sashe kafin ka kashe ko dala. Wasu na karɓa da sharaɗin ka rama darussa, wasu na mayar da kai shekara ta uku. Mai niyyar Faransa ya sani cewa a can dokar 1985 ta keɓe sunan masanin sikoloji ga wanda ya yi lisans da masta duka a fannin.

2. Nemi malami kafin ka nemi makaranta

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sukan zaɓi gari, su biya kuɗi, sai a shekara ta biyu su tarar babu ko malami ɗaya a sashen da ya taɓa auna saurin amsawa, sai a tura su raba takardun tambayoyi kamar kowa.

A arewa muna da Jami'ar Ngaundere tun 1993, ta Marwa tun 2008, da ta Garwa da aka kafa a 2022. A kudu, Jami'ar Yawunde ta Ɗaya tana da sashen sikoloji a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, haka ma Duwala. 'Yan'uwanmu na Cadi da suka fara a Jami'ar Njamena da yawa suna tsallako gadar Kuseri su ƙarasa a nan. Abin da ake koyarwa yana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka je sashen da ƙafarka ka karanta abin da aka liƙa a allo. Sannan ka ɗauki sunayen malaman ɗaya bayan ɗaya ka saka a Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike. Buɗe maƙalarsu ta ƙarshe, ka wuce kai tsaye zuwa sashen da aka bayyana yadda aka yi binciken. In ka ga an raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, an canza wani abu, an auna, ka samu mutuminka. Ka kuma shiga ɗakin karatun sashen ka duba memwar ɗin ɗalibansa na baya, ka tambayi ɗaya daga cikinsu abu biyu: yana karanta abin da aka kai masa? Wata nawa yake ɗauka?

In Yawunde ce ta kama, hanyar sananniya ce: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare, a wayi gari a can. Sabon zuwa yakan fara sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Birketeri kafin ya samu ɗaki kusa da Ngowa-Ekele. Akwai kuma Najeriya ga mai Turanci: Nsukka ce ta buɗe sashen sikoloji na farko a ƙasar a 1964, Ibadan da Jos ma suna da nasu, kuma ana zuwa Jos daga Garwa ta Yola. Sai dai ka tuna in ka dawo za ka nemi ma'aikatar ilimi mai zurfi ta daidaita maka digirin.

3. Samo tambaya ɗaya, ƙarama

A nan zan daɗe, domin tambayar ce ke sa a ɗauke ka ko a aje dosiyenka. Ɗalibi yakan rubuta "tasirin rikicin Boko Haram a kan tunanin matasa". Magana ce mai nauyi, amma ba ta gwajuwa: ba kai ka canza komai ba, ba ka da rukunin kwatantawa, kuma za ka tono wa mutane ciwon da ba ka da horon rarrashinsa. Tambayar gwaji takan zo da siffa ɗaya: in na canza kaza, kaza zai ƙaru ko zai ragu?

Kuma wurinmu cike yake da irin waɗannan tambayoyi. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya buga a 2008 ya nuna kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. In aka fita daga can, sakamako yakan sauya. A ƙasarmu ma an gani: Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu sun gwada haƙurin yara 'yan shekara huɗu, aka aje wa yaro abin daɗi aka ce in ya jira minti goma zai samu biyu. Kusan kashi 70 na yaran Nso da ke yankin Kumbo sun jira, na Jamus kuwa kashi 28 kacal. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga irin abin da ɗan Marwa ko Garwa zai iya yi wanda ɗan Faransa ba zai iya ba cikin sauƙi. A 1993 Stanislas Dehaene da abokansa sun gano cewa Turawa na saurin amsa ƙananan lambobi da hannun hagu, manya da hannun dama, kamar lambobin na jere a kansu daga hagu zuwa dama. Daga baya aka ga abin yana juyawa a wajen Falasɗinawa masu karatu daga dama. To almajirin da ya fara da allo sannan ya shiga boko fa, ina nasa layin ya dosa? Ko batun hadda: shin gardin da ya haddace izu sittin ya fi ɗan boko riƙe jerin kalmomin da ba na Alƙur'ani ba, ko ƙwarewarsa ta tsaya ga abin da ya saba? Sylvia Scribner da Michael Cole sun taɓa irin wannan a wajen Vai na Laberiya, amma ƙofar a buɗe take. Ko mai Hausa da Fulatanci da Faransanci: milisakan (ɗaya cikin dubu na sakan) nawa yake asara duk lokacin da aka sa shi sauya harshe yana kiran sunayen hotuna?

Gargaɗi ɗaya: kwatanta almajiri da ɗan boko ba cikakken gwaji ba ne, tunda ba kai ka raba su ba, kuma sun bambanta a abubuwa da dama bayan karatu. Ka haɗa da wani abin da kai ne ke canza shi a cikin aikin, kuma ka faɗi wannan iyakar da bakinka kafin alƙalai su faɗa maka.

4. Rubuta wa malamin, ka haɗa dosiye

Saƙon ya zama gajere: gaisuwa ta girmamawa, ko kai wane ne, maƙalarsa da ka karanta, tambayarka a jimla biyu, da roƙon ya ba ka lokaci. Liƙa shafi biyu ko uku na tsarin bincikenka. Kada ka tura ta WhatsApp da tsakar dare, kada kuma ka tura wasiƙa iri ɗaya ga malamai biyar na sashe ɗaya. Suna shan shayi tare. In mako biyu ya wuce shiru, je ofishinsa. Dosiyen kuwa ka kai kafin ranar rufewa, ka karɓi rasit.

Mai neman waje ya fara kusan shekara guda kafin tafiya. Faransa ta hanyar Campus France ake bi. Akwai tallafin DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da na Commonwealth, wadda Kamaru ta shiga a 1995. A ganina ya fi sauƙi ka yi masta mai kyau a gida ka nemi tallafin dakta da ita, domin gwajin da ka riga ka kammala ya fi kowace wasiƙar yabo magana.

5. Shekarar farko: gina gwajin Stroop da hannunka

Darussa za su zo su wuce, ka halarta, ka ci jarrabawa. Amma kada ka jira a koya maka PsychoPy a aji, mai yiwuwa ba za a koya ba. Ɗauki gwajin da John Ridley Stroop ya buga a 1935: kalmar launi ta bayyana da tawadar wani launi dabam, a ce mutum ya faɗi launin tawadar (a kwamfuta, ya danna madanninsa), ya ƙyale abin da aka rubuta. Gina shi, ka gwada abokan ɗakinka, ka buɗe fayil ɗin ka ga yadda suke jinkiri in kalma da launi sun saɓa. Wanda ya yi wannan daga farko har ƙarshe ya koyi rabin aikin.

Maƙalu kuwa, in ka ci karo da mai neman kuɗi, duba HAL, PsyArXiv ko Persée, shafukan da ake samun maƙalu kyauta, ko ka rubuta wa marubucin. Yawancinsu suna turowa.

6. Tsara naka gwajin

Fara da yawan mutane, kuma G*Power ne zai faɗa, ba son ranka ba. Don gano bambanci matsakaici tsakanin rukuni biyu, da ƙarfin gano kashi 80, wato damar 80 cikin ɗari ta gano shi in yana nan, kana bukatar mutum 64 a kowane rukuni. In mutum ɗaya ne zai yi yanayin biyu duka, kusan 34 sun isa. Shi ya sa nake tura ɗalibai ga tsari na biyu duk inda ya yiwu. Sai dai ka juya jerin: rabi su fara da wannan yanayi, rabi da wancan, don kada gajiya ko sabo su shiga lissafinka. In dole ne rukuni biyu, kwamfuta ce za ta yi ƙuri'ar. Kada ka ce 'yan safe rukuni ɗaya, 'yan yamma ɗaya.

Umarnin gwajin ka rubuta shi, ka sa wani ya juya shi zuwa Hausa ko Fulatanci, wani dabam da bai ga na asali ba ya mayar da shi Faransanci, ku kwatanta. Ya fi kyau ka naɗi muryar umarnin, kowa ya ji abu ɗaya. Hotunan da za ka ɗauko daga tarin Turawa ka tace su: manomin Mokolo ba zai kira sunan abin gasa burodi da sauri ba, kuma ba laifin ƙwaƙwalwarsa ba ne. Saka tulu, babur, akuya.

Kafin ka gwada mutum na farko, rubuta hasashenka, yawan mutanenka da lissafin da za ka yi, ka aje a OSF, shafin intanet na aje tsarin bincike, mai kwanan wata. Dalili: a 2015 an sake maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallu, kusan 36 ne kawai suka sake ba da sakamakon da ya tsallake ma'auni. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne mutane na ta juya lissafi har sai ya faɗi abin da suke so. Sannan ka gwada mutum biyar zuwa goma gwajin share fage, ka gyara abin da ya ruɗa su, kada ka haɗa su cikin lissafin ƙarshe.

7. Izini

Karɓi takardar shaidar bincike daga tsangayarka. Tambayi malaminka ko aikinka na bukatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. In da yara ko marasa lafiya ne, ka ɗauka yana bukata. Makarantar gwamnati sai da izinin hukumar ilimi da shugaban makaranta. A unguwa ko ƙauye, bayan takardar sufurefe, ka je ka gaida lawan ko jauro, ka yi bayani, domin takarda kaɗai ba ta buɗe zaure. A makarantar allo, alaramma ne ƙofa, amma yardarsa ba ta maye gurbin ta almajirin kansa. Kowane mutum ka gaya masa abin da zai yi, minti nawa, da cewa yana iya tashi duk lokacin da ya so. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala a gaban shaida. Suna ba ya shiga fayil, lamba ce ke shiga. Ke kuma ƙanwata, kina da damar da maza ba su da ita: gidajen matan aure a buɗe suke gare ki, kuma su ne aka fi mantawa da su a irin wannan bincike.

8. Ranar gwaji

Ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, kwamfuta ɗaya ga kowa. Auna nisan ido da allo, santimita 60 misali, ka sa alamar alli a ƙasa inda ƙafafun kujera za su tsaya. Rufe taga ta bayan mutum don kada rana ta haske allon. Liƙa 'yan takardu masu launi a kan madannai biyun da za a danna, domin dattijon da bai taɓa taɓa kwamfuta ba zai ɗaga yatsa sama ya sauko da shi da ƙarfi, ko ya danne bai saki ba. Nuna masa ya kwantar da yatsun a kai, ka ba shi zagayen koyo har hannunsa ya saki. Kashe intanet da duk wata manhaja. Allo na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kusan milisakan 17 ke nan, kuma kwamfutar da ke wani aiki a ɓoye takan tsallake.

A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, wuta kuma na ɗaukewa ba sallama. Yi aiki da safe, da batiri cike, kuma kada ka fara da mutum in cajin bai kai ya gama ba. Kauce wa ranar kasuwa da lokacin salla. Kada rabin mutanenka su faɗo cikin azumi rabi bayan salla, sai in azumin ne kake nazari. In babu kwamfuta sam, zaɓi gwajin da ke auna daidai da kuskure, kamar tuna jerin kalmomi, wanda takarda da agogon waya suka isa. Kowane dare kwafi fayilolin a wuri biyu, ka rubuta a littafi duk abin da ya faru: wane ya yi atishawa, wane wayarsa ta yi ƙara.

9. Lissafi da rubutu

Bi abin da ka aje a OSF. Amsoshin da suka yi saurin da ba zai yiwu ba, kamar ƙasa da milisakan 200, an saba cire su, in dai ka faɗi haka tun farko. Zana hoton bayananka kafin ka duba p, lambar da ake dubawa don sanin ko sakamako ya tsallake ma'auni, kuma ka ba da girman bambancin tare da shi. In hasashenka bai tabbata ba, rubuta hakan; memwar ce cikakkiya. Ƙirƙiro lambobi kuwa ko kwafe rubutun wani na iya raba ka da digirin har bayan an ba ka.

Fara rubutu da babin hanyar bincike, sai sakamako, gabatarwa daga baya. Ɗalibanmu suna son cika shafi sittin da ma'anonin kalmomi. Rage shi, ka ba wa abin da ka yi wuri. Kai wa malam babi-babi, kada ka tara masa duka mako biyu kafin rufewa.

10. Sutnans, ranar kare memwar

Alƙalai yawanci uku ne: shugaba, malaminka, da mai jarrabawa. Za a ba ka kamar minti goma sha biyar. Tafi da kwamfutar, gwajin a buɗe, ko wani zai so ya danna da kansa. Shirya amsar tambayoyi uku da ba sa wucewa: me ya sa wannan adadin mutane, me kuma zai iya haifar da sakamakon ban da abin da ka ce, kuma wa zai amfana. In an yi gyara, rubuta shi a gabansu, kada ka yi musu a kan abin da ka san gaskiya ne.

Bayan an tashi daga walima, yi gyare-gyaren cikin makon, ka kai kwafin ƙarshe, ka bi takardar shaidarka har ta fito. Wannan masta ba ta sa ka zama mai duba marasa lafiya, kuma ba a cika tallata aiki da sunanta ba. Inda take kai mutum shi ne dakta da koyarwa, ko aikin auna tasirin shirye-shirye a ƙungiyoyin agaji da na ilimi da ke Marwa da Njamena, inda ake neman wanda ya iya tsara bincike da lissafi. In dakta kake so, matse memwar ɗin ta koma maƙala mai shafi goma sha biyar tare da malaminka, ku saka ta a PsyArXiv, ka liƙa adireshinta a duk wasiƙar da za ka tura wa wanda kake so ya duba ka a gaba.